Yadda ɗan Zango zai bi hanya har ya zama alƙali a Gana

Duk ranar da aka nuna rantsar da sabbin alƙalai a talabijin, magana ɗaya nake ji a wajen shan ataya a Aboabo, nan Kumasi: wai kujerar nan ta 'ya'yan manya ce, sai mai uwa a gindin murhu. A can ƙololuwa, inda shugaban ƙasa da majalisa suke sa hannu, maganar tana da ƙamshin gaskiya. Amma ni da nake aikin lauya a Adum na ga ƙannenmu da dama sun faɗi a hanyar nan, kuma babu ko ɗaya cikinsu da ya kai inda siyasa za ta tare shi. Tun a bakin ƙofa suke tuntuɓe, a kan takardu, da jarrabawa, da lissafin shekaru. Su na rubuta wa wannan, maza da mata, ko da yake da bakin namiji zan yi magana.

Mataki na farko: san tsanin da za ka hau

Kundin tsarin mulkin 1992 ya raba kotunanmu gida biyu. Manya su ne Kotun Ƙoli, da Kotun Ɗaukaka Ƙara, da Babbar Kotu. Ƙanana kuwa majalisa ce ta kafa su da dokar kotuna ta 1993, wadda aka gyara a 2002: kotun sakit da kotun gunduma, inda majistare yake zama. Rigimar haya, bashin 'yan kasuwa, kuɗin ciyar da yara, ƙananan laifuka, yawancinsu a kotun gunduma suke farawa. Wanda bai gamsu ba ya ɗaukaka ƙara, haka har Kotun Ƙoli a Ankara, babban birnin Gana, kotun da ita kaɗai ke da ikon fassara kundin tsarin mulki.

Abu guda da ya kamata ka cire daga ranka tun yau: babu kotun shari'ar Musulunci a cikin tsanin nan. Wanda ya yi karatu a Madina ko Azhar ya dawo, ilminsa mai daraja ne, kuma sulhun da limamai da Sarkin Zango suke yi yana rage wa kotu kaya sosai, amma shahadarsa ita kaɗai ba za ta ɗora shi kan kujerar alƙalin gwamnati ba. Na san wani bawan Allah da ya ɓata shekaru yana jiran a buɗe masa wata ƙofa ta daban. Ƙofar ɗaya ce, ta aikin lauya.

Mataki na biyu: daidaita sunanka kafin komai

Wannan ciwonmu ne mu 'yan Zango. A takardar haihuwa kai Muhammad ne, a makaranta malami ya rubuta Mohammed, a sakamakon WASSCE, jarrabawar gama sakandare, ka koma Mahama, katin ɗan ƙasa kuma ya ɗauki sunan kakanka a matsayin sunan dangi. Ga ranar haihuwa biyu, saboda an rage maka shekara lokacin da kake neman ƙungiyar ƙwallo. Tsaya ka gyara. A yi takardar rantsuwa, a buga a gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati, ka ajiye asalin takardun cikin leda a akwati. Kuɗin ba su kai na ɗinkin sallah biyu ba, amma in ka bari sai ana gobe rufe karɓar takardu, masu tsaya maka a tsakani za su tatse ka. Kuma aikin da ake neman mutum mai gaskiya, ranar haihuwa biyu ba ƙaramin tabo ba ne.

Mataki na uku: digirin lauya

Ba zan tsaya a nan ba, kowa ya san shi. Jami'ar Gana da ke Legon, jami'ar KNUST a nan Kumasi, ta Cape Coast, GIMPA da wasunsu suna ba da digirin. Daga sakandare shekara huɗu ne, mai digiri a wani fanni kuma yana iya shiga ta gajeriyar hanya. Ka dai tabbatar an amince da tsangayar da za ka biya wa kuɗi. Ni a ganina ɗan Kumasi ya zauna KNUST, ya ci tuwon gida, ya tara kuɗin haya domin abin da ke gaba.

Mataki na huɗu: ƙofar Makola

A nan ne gizo yake saƙar. Digiri bai mai da kai lauya ba. Sai ka yi karatun sana'a na Makarantar Lauyoyi ta Gana, wadda aka kafa a 1958, hedkwatarta tana Makola a Ankara, tana kuma da reshe a Kumasi. Ƙofar shigarta ta daɗe da zama ƙunci. A 2019 mutum 1,820 suka zauna jarrabawar shiga, 128 kacal suka haye. An daɗe ana kai ruwa rana a kan sauya tsarin, don haka ka karanta sanarwar Hukumar Kula da Aikin Lauya ta shekarar da za ka zauna, kada ka dogara da abin da yayanka ya gaya maka. Sai dai ko wane suna aka ba jarrabawar, abin da ake aunawa bai canza ba.

Ni sau biyu na zauna. Karon farko na faɗi, kuma na san dalili. Mu da muka taso da allo, Allah ya ba mu kaifin hadda. Na haddace sunayen shari'o'i da shekarunsu, na haddace sassan doka kamar ina biya karatu gaban malam. Na shiga ɗakin jarrabawa da tabbacin cewa babu abin da za a tambaya wanda ba ya kaina. Sai ga tambaya ta zo da labari: wane ya sayar wa wane fili, ashe filin na dangi ne, shugaban dangi bai sani ba, mai saye ya riga ya yi gini, ka ba shi shawara. Na juye duk abin da na sani game da filin dangi, shafi huɗu cur, ban taɓa cewa ga abin da mutumin nan zai yi ba. Mai dubawa ba ya neman ya san yawan abin da ke kanka. Yana so ya ga ka tsamo inda rigimar take, ka kawo dokar da ta shafe ta ita kaɗai, ka ɗora ta a kan mutanen da ke cikin labarin da sunayensu, sannan ka yanke magana.

Ga yadda na yi a shekara ta biyu, kuma shi nake tilasta wa duk yaron da ya zo ofishina. Kullum bayan asuba tambaya ɗaya ta shekarun baya, da agogo a gaba, da biro, ba kwamfuta ba. In lokaci ya cika ka ajiye biro ko da a tsakiyar jimla kake. Sannan ka ba wani ya karanta, wanda ba ya jin kunyarka. Layin farko na kowace amsa ya faɗi abin da ake jayayya a kai. Duk sakin layin da bai ambaci sunan wani daga cikin mutanen labarin ba, ka soke shi, hadda ce ta kutso. Ku haɗu ku uku, kada ku wuce huɗu, domin daga biyar an koma hira. Azuzuwan share fage da ake biyan kuɗi masu yawa a kansu, ban hana ka ba in kana da hali, amma na ga waɗanda suka biya sau uku ba su taɓa zama sun rubuta amsa ɗaya cikakkiya da hannunsu ba.

Sai Turanci. Da shi kotu take aiki, Hausa da Tuwi sai ta bakin tafinta. Mu muna jin harsuna uku ko huɗu, kuma wannan zai yi maka rana a kan kujera, domin za ka gane in tafinta ya karkace. Amma hukunci da Turanci ake rubuta shi. Ka riƙa karanta hukuncin Kotun Ƙoli guda ɗaya duk mako, daga farko har ƙarshe, kana lura da yadda ake jera hujja.

In ka haye, karatun shekara biyu ne, sai a rantsar da kai lauya, sai wata shida na koyon aiki a ƙarƙashin babban lauya kafin ka karɓi lasisinka.

Mataki na biyar: lissafin shekaru

Rubuta ranar da aka rantsar da kai lauya a bangon ɗakinka, daga ita ake ƙirge. Ba daga ranar da ka gama digiri ba, ba daga shekarun da ka yi kana akawu a kotu ba. Alƙalin sakit shekara 5 a matsayin lauya, Babbar Kotu 10, Kotun Ɗaukaka Ƙara 12, Kotun Ƙoli 15. Na majistare ya fi sauƙi, sanarwar ɗaukar aiki za ta faɗi abin da ake so. A kowane mataki doka tana ƙara sharaɗin kyawun hali da tabbatacciyar amana.

Wannan sharaɗi ba ado ba ne. A shekarun nan na jira ake yin sunan da za a bincika. Ka sabunta lasisinka duk shekara. Kuɗin wanda kake wa aiki kada su kwana a aljihunka, ko da kana da niyyar mayarwa jibi, domin ƙorafi ɗaya gaban kwamitin ladabtarwa zai bi ka har tsufa. Kuma ka riƙa shiga kotu. Lauyan da ya shekara bakwai yana rubuta yarjejeniyar haya bai taɓa yi wa shaida tambaya ba, ranar ganawa za a gane shi. Siyasa kuwa, ra'ayinka naka ne, amma abin da ka rubuta a Facebook lokacin zaɓe yana nan, wani ya adana.

Mataki na shida: wa ke naɗa wa

Majistare da alƙalin sakit, Alƙalin Alƙalai ne yake naɗa su bisa shawarar Majalisar Harkokin Shari'a, da amincewar shugaban ƙasa. Hukumar shari'a takan fitar da sanarwa, a rubuta jarrabawa, a yi ganawa, a binciki bayanka. Wannan ita ce ƙofarmu, kuma ita nake so ka ƙwanƙwasa da zarar shekarunka sun cika. Georgina Wood, mace ta farko da ta riƙe Alƙalin Alƙalai daga 2007 zuwa 2017, daga majistare ta faro.

Majalisar Harkokin Shari'ar nan ya kamata ka san su wane ne a cikinta. Alƙalin Alƙalai ne shugaba, ga Antoni Janar, ga wakili ɗaya ɗaya daga manyan kotunan uku, ga wakilai biyu na ƙungiyar lauyoyi, ga na ƙananan kotuna, da na soja da na 'yan sanda, da basarake daga Majalisar Sarakuna ta Ƙasa, da mutum huɗu waɗanda ba lauyoyi ba da shugaban ƙasa yake zaɓa. Ka ga ke nan akasarinsu mutanen da suka ga aikinka ne ko za su tambayi wanda ya gani.

Babbar Kotu da Kotun Ɗaukaka Ƙara, shugaban ƙasa ne yake naɗawa bisa shawarar wannan majalisa, ba a zuwa gaban 'yan majalisar dokoki. A naɗin Kotun Ƙoli ne ake ƙara tuntuɓar Majalisar Mashawarta ta Ƙasa, sannan kwamitin tantancewa na majalisar dokoki ya yi maka tambayoyi a bainar jama'a, majalisa ta amince. Ba dole sai ka bi tsanin daki daki ba. A 2020 an ɗauko Yonny Kulendi kai tsaye daga aikin lauya, da Henrietta Mensa-Bonsu daga koyarwa a Legon. A shekarar ce kuma Mai Shari'a Tanko Amadu ya hau Kotun Ƙoli daga Kotun Ɗaukaka Ƙara, abin da ya faranta wa Musulmin ƙasar nan rai ƙwarai.

Mataki na bakwai: bayan an kira sunanka

Za ka yi rantsuwa, za a ba ka horo a Cibiyar Horar da Alƙalai a Ankara, sannan a tura ka duk gundumar da aka ga dama. Kada ka sa ran Asokore Mampong kusa da Hajiya. Ka shirya iyali tun da wuri, kuma ka san albashin majistare ba zai kai abin da lauya mai kasuwa yake samu a Adum ba.

Ka kuma shirya dangi. Ranar da ka hau kujera, kawu zai zo da maganar ɗan maƙwabcinsa da aka kama, da goro a hannu. Ka tuna 2015, lokacin da binciken Anas Aremeyaw Anas ya fallasa alƙalai da majistarori 34 da karɓar rashawa, wasu a kan kuɗi, wasu har da akuya, kuma kafin shekarar ta ƙare an kori 20 daga ƙananan kotuna. Ka gaya wa mahaifi da limamin unguwa tun ranar walima cewa ba a kawo maka maganar shari'a gida, su za su tare maka sauran.

Alƙalin manyan kotuna ba a tsige shi sai bisa sashe na 146 na kundin tsarin mulki: rashin ɗa'a, ko gazawa a aiki, ko rashin lafiya, ta hanyar takardar koke zuwa ga shugaban ƙasa da kwamitin bincike da ke zama a asirce. Ta wannan hanya aka sauke Alƙalin Alƙalai Gertrude Torkornoo a watan Satumba na 2025. Ritaya kuma shekara 60 ce a ƙananan kotuna, 65 a Babbar Kotu, 70 a manyan biyun na sama. Don haka wanda aka rantsar da shi lauya yana da shekara 45, ya zauna da biro ya lissafa abin da ya rage masa kafin ya zaɓi ƙofar da zai nema.