Darasi na Bakwai: Wakilin Suna a Turanci

Wakilin suna kalma ce da ke tsayawa a madadin suna. Maimakon mu ce "Binta ta je kasuwa, Binta ta sayo gero," sai mu ce "ta je, ta sayo." Turanci ma haka yake yi, sai dai tsarinsa ya sha bamban da namu a wasu wurare, kuma a nan ne ɗalibai manya suka fi tuntuɓe.

Mu fara da wakilan mutum, don su ne ake buƙata kullum. Mai aikata abu shi ne I, you, he, she, it, we ko they. Idan aikin ya faɗa a kansa, sai a ce me, you, him, her, it, us, them. "She called him," wato ta kira shi. Ku lura, I da babban baƙi ake rubuta shi ko a tsakiyar jimla.

Mu muna da kai da ke da ku, amma Bature ya haɗe su duka a you. Wannan sauƙi ne. Wahalar tana wajen it. A Hausa komai namiji ne ko mace: gida shi ne, mota ita ce. A Turanci kuwa kayan da ba su da rai duk it ne, don haka ba a ce wa mota she. He da she kuma a kiyaye su sosai. Uwa ta kai 'yarta asibiti, a wurin yankan kati ta ce "He is sick," ai ma'aikaci zai ɗauka yaro namiji ta kawo.

Akwai kuskuren da nake so ku rabu da shi tun yau. Hausa ba ta yarda a ce "Musa tafi" ba, dole sai "Musa ya tafi." Saboda wannan sabo, mutum kan rubuta "Musa he went." Ba daidai ba ne. In an ambaci suna, ya wadatar: "Musa went."

Na mallaka su ne mine, yours, his, hers, ours, theirs. Nawa da tawa duk mine ne. 'Yan'uwansu my, your, her, our, their ba sa tsayawa su kaɗai, sai da suna a bayansu: "my goat," amma "the goat is mine."

Sauran ba su da wuya. Na nuni: this wannan, that wancan ko waccan, these waɗannan, those waɗancan. Na tambaya: who, what, which, whose. Who da which kan haɗa jimla kamar wanda da wadda, who ga mutane, which ga abubuwa. Myself da herself su ne kaina da kanta. Everybody kuma tilo ake ɗaukarsa, kamar dai yadda muke cewa "kowa ya zo," ba "kowa sun zo" ba: "Everybody is here."

Aikin gida

Ku gyara waɗannan jimloli a littafinku, ku karanta su da ƙarfi sau biyu:

1. Amina she is a tailor.
2. This bag is my.
3. The car is old. She is slow.
4. Give the money to they.