Malam, an are ka zuwa ma'aikata? Ga inda ake yawan tafka kuskure

Duk wanda ya yi shekaru yana shan ƙurar alli, ranar da takarda ta fito cewa an ba da aronsa zuwa ma'aikatar ilimi ko SUBEB, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ko wata hukumar jiha, ai sai murna, ga ofis ga fanka, babu ihun yara saba'in a aji ɗaya. To amma sakandimen sunansa aro, kuma aron nan yana da wa'adi, a nan ne mutanenmu ke faɗawa rami.

Babban kuskuren shi ne rashin ƙirga kwanaki. A tsohon kundin dokokin aikin gwamnatin tarayya na 2008, idan kai ne ka nemi a ba da aronka, shekara 2 ake ba ka da farko, in sun cika ko ka nemi ƙari, ko ka nemi a mayar da aikinka can gaba ɗaya, ko ka tattara ka koma inda ka fito, kuma jimilla ba ya wuce shekara 4. Jihohi suna da nasu kundin, yawanci daga na tarayya suka kwaikwaya, amma ka nemi na jiharka ka karanta da idonka. Sai ka ga malam ya shekara shida a ofis da takardar shekara biyu, shi a ransa ya zama ɗan gida, ranar da aka zo tantance ma'aikata makaranta ta ce rabonta da shi tun tuni, hukumar kuma ta ce ai ba namu ba ne baƙo ne. Albashi ya tsaya. Na ga wanda ya yi wata da watanni yana zarya tsakanin ofisoshi biyu kan wannan, ga iyali ga kuɗin haya, wallahi abin tausayi. Gyaran ba wuya, ka rubuta ranar ƙarewar wa'adin a wayarka, saura kamar wata uku ka shigar da takardar neman ƙari, ta bi ta hannun waɗanda suka ba da aronka, kar ka tsaya ga ogan da kake zaune da shi kawai, shi ba shi da ikon ƙara maka ko kwana ɗaya.

Sai masu tafiya da baki. "Ai Darakta ne ya ce in dawo wajensa." Darakta zai yi ritaya ko a canza masa wuri, wanda ya gaje shi fayil zai buɗa. Ka tabbata kana da takardar amincewa, da ta sakinka daga makaranta, da ta kama aiki, ka yi hotokofi ka ajiye a gida.

Akwai kuma wani bambanci da mutane ba sa lura da shi, wai shin kai ka nema ko gwamnati ce ta buƙace ka? A waccan doka ta tarayya in gwamnati ce ta tura ka don amfaninta, ba a yanke wa'adi, kuma kana nan riƙe da muƙaminka na asali da ƙarin girmanka. Saboda haka ka duba me aka rubuta a takardar taka tun ranar farko, kalma ɗaya ce ke raba su, in ba a fayyace ba ka koma a fayyace.

Ƙarin girma ma ana asararsa a banza. Fayil ɗinka na asali yana can gida, can ake zaman ƙarin girma, kai kuma ka yanke zumunci ko leƙe ba ka yi, fom ɗin APER, wato na auna ƙwazon ma'aikaci duk shekara, an yi shekara uku babu wanda ya cike. Sa'o'inka su wuce ka da mataki guda kana nan kana sanya babbar riga. Duk shekara ka cike, ogan da kake ƙarƙashinsa ya sa hannu, ka kai da ƙafarka.

Albashi biyu kuwa kar ka soma. In hukumar da ta are ka ta fara biyanka kuma na makaranta bai tsaya ba, ka rubuta ka sanar, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimi. Za a gano, kuma za a cire har kwabo, wataƙila daga giratutinka lokacin da ka fi buƙatarsa.

Wanda ya kusa ritaya ya ƙara buɗe ido. Dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2022 ta kai ritayar malamai shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki, yawancin sauran ma'aikata kuwa 60 ne ko 35. Jihohi ba tafiya ɗaya suke a kan wannan ba, don haka kafin ka sa hannu a mayar da kai ma'aikacin ofis dindindin, je ka ofishin Shugaban Ma'aikata ka tambaya a wane layi za a lissafa ka, kuma ka roƙi amsar a rubuce.