Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa fihirisar kalmomi da ptx

Duk wanda ya taɓa neman wata kalma a cikin dogon rubutu, yana son ganin inda ta fito da abin da ke kewaye da ita, to abin da yake buƙata shi ne ptx. Ƙaramar manhaja ce cikin tarin GNU coreutils, François Pinard ne ya rubuta ta, kuma kusan kowace kwamfuta mai Linux tana zuwa da ita. Aikinta ta ɗauki kowace kalma ta ajiye ta a tsakiyar layi, maganar da ta gabace ta a hagu, wadda ta biyo ta a dama, sannan ta jera su bisa haruffa. Dabarar tsohuwa ce, Hans Peter Luhn na kamfanin IBM ne ya yaɗa ta a ƙarshen shekarun 1950 da sunan KWIC, wato muhimmiyar kalma a cikin mahallinta. Mai Mac zai same ta da sunan gptx idan ya saka coreutils ta Homebrew, manhajar saka manhajoji a Mac.

Kuskure mafi ciwo ga mai rubutun Hausa shi ne ya ba ta fayil haka kawai, ya yarda da abin da ta fitar. Na haɗu da wannan ne lokacin da nake jera karin magana da na tara. Na nemi "ƙasa" sama da ƙasa ban gan ta ba, sai can na tsince ta a sahun harafin a, an lissafa ta a matsayin "asa". "Buɗe" kuwa an raba ta biyu, "bu" daban, "e" daban. Dalili shi ne ptx baiti-baiti take karanta rubutu (baiti shi ne ƙaramin ma'aunin da kwamfuta ke ajiye rubutu da shi), alhali a tsarin UTF-8 kowanne daga ɓ, ɗ, ƙ da ƴ baiti biyu ne, kuma ba ta ɗaukar su haruffa. Haka take yi wa alamar hamza: "ra'ayi" ta koma "ra" da "ayi".

Maganin shi ne zaɓin -b. Kai ne za ka faɗa mata alamomin da ke yanke kalma, duk abin da ba ka ambata ba ya zama cikin kalma:

printf ' \t\n.,;:!?"()0123456789' > yanki.txt
ptx -b yanki.txt karin.txt

Kada a manta da sarari a farkon jerin, in ba haka ba jimla guda za ta zama kalma ɗaya. Ni ina barin karan ɗori waje da gangan, don "sannu-sannu" ta zauna yadda take.

A nan akwai wani tarko da ya ci mini yini guda. Rubutun da aka kwafo daga Word yakan zo da lanƙwasassun alamomin zance, sai mutum ya ce bari ya zuba su cikin yanki.txt. To alamar ’ baiti uku ce, na ƙarshensu 99 a lissafin hex, wanda shi ne baiti na biyu na ƙ. Dogon kara – kuma yana ƙarewa da 93, daidai da na ɓ. Da ka saka su, ƙ da ɓ sun sake tsagewa. A fara wanke rubutun da sed, manhajar sauya rubutu, a mai da alamomin miƙaƙƙu, kamar sed "s/’/'/g", kafin a miƙa shi ga ptx.

Sai batun ƙananan kalmomi. Idan ba a tace ba, rabin fihirisar "da", "na", "ta", "a" da "ya" ne. A rubuta su a fayil, kalma ɗaya kowane layi, a ba da shi da -i. Masu cewa sun yi hakan bai yi aiki ba, galibi a Notepad na Windows suka rubuta fayil ɗin, kowane layi na ɗauke da ɓoyayyar alama a ƙarshe. Umarnin tr -d '\r' zai cire ta. A haɗa da -f, don "Da" ta farkon jimla ita ma ta fita. Sai dai -f ba ta san Ƙ da ƙ harafi ɗaya ba ne, kuma kalmomin da suka fara da haruffa masu lanƙwasa bayan z suke sauka, don haka a duba ƙarshen jerin kafin a ce sun ɓata.

Mutane kan rikita -r da -A. Mai son sunan fayil da lambar layi -A yake nema. Ita -r kalmar farko ta kowane layi take ɗauka a matsayin madogara ta cire ta daga fihirisa, abin da ke da amfani idan layukan sun fara da lamba.

Idan ka ga jimla tana kutsawa cikin wata, ba lalacewa ba ce: ptx na gane ƙarshen jimla ne idan aya ta zo a ƙarshen layi, ko sarari biyu ko tab suka biyo ta. Ga karin magana ko baitocin waƙa, -S '\n' zai sa kowane layi ya tsaya da kansa. Faɗin layi kuma 72 ne, shi ya sa ake ganin / inda aka datse magana. Zaɓin -w 120 na ba da sarari.

Wanda nake roƙon kowa ya kiyaye shi ne -G. A wannan tsohon tsarin, idan ka rubuta sunayen fayil biyu, na biyun wurin zuba sakamako ne. Wato ptx -G babi1.txt babi2.txt zai shafe babi na biyu, ba tambaya ba gargaɗi. In ba roff (tsarin shirya rubutu don bugawa da -G ke fitarwa) kake nufi ba, ka bar -G, ka tura sakamako da > zuwa sabon suna, kuma ka yi aiki kan kwafi.