Warin baki da ya ƙi tafiya: inda matsalar take da yadda za a rabu da shi

Abin da ya fi ba ni tausayi a lamarin warin baki shi ne mai shi ne na ƙarshe da zai sani. Hancinka ya riga ya saba da warin bakinka, ba zai gaya maka komai ba, su kuma mutane kunya ta hana su faɗa maka, sai dai ka ga ana ɗan ja da baya ko ana kawar da kai in kana magana. To fara gwadawa da kanka, ka lashi bayan hannunka, ka bar shi ya bushe na ɗan lokaci sannan ka shinshina. Ko ka sa cokali ka kankaro can bayan harshenka a hankali ka ji. Amma gaskiya wanda ya fi duka shi ne ka tambayi wani naka da ka san ba zai ɓoye maka ba.

Yawancin mutane da an ce warin baki sai su ce ai daga ciki yake fitowa, su kama shan maganin ulsa da na wankin ciki. A'a. Kusan kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na masu wannan matsala, a cikin bakin ne take, kuma babban wurin shi ne bayan harshe. Ka duba madubi ka fito da harshenka, wannan farin abu ko rawaya da ya kwanta a can baya, nan ne ƙwayoyin bakteriya suke zama suna cin ragowar abinci da matattun ƙwayoyin fatar baki, suna fitar da iska mai sinadarin salfa, irin warin ruɓaɓɓen ƙwai ɗin nan. Shi ya sa mutum zai goge haƙoransa tas su yi fari ƙal amma warin yana nan, don bai taɓa harshen ba.

Saboda haka ka nemi abin kankare harshe, na roba ko na ƙarfe, in babu buroshinka ma ya isa. Ka fara daga baya ka jawo gaba, sau uku ko huɗu, kana wanke shi tsakani, kuma kar ka danna da ƙarfi har ka ji wa kanka ciwo. Kwanakin farko za ka ji kamar za ka yi amai, mutane da yawa haka suke ji, ka fara daga tsakiya kana ƙara matsawa baya kullum, za ka saba. Goge haƙora kuma sau biyu a rana, minti 2 cikakku da man goge baki mai fulorayid, sinadarin da ke ƙarfafa haƙori, kuma na dare ya fi muhimmanci don yawu yana raguwa sosai lokacin barci, ƙwayoyin nan sai su samu sarari. Buroshi a canza shi duk wata 3.

Sai tsakanin haƙora, wurin da buroshi ba ya shiga. Ka sa zaren sakace sau ɗaya a rana, ka shinshina zaren bayan ka gama, in ka ji wari to ka gano wani ɓangare na matsalar. In dasashinka yana jini lokacin da kake goge baki kar ka ɗauka ba komai ba ne, alamar ciwon dasashi ce, kuma yana cikin manyan abubuwan da ke kawo warin da ba ya jin magani. Dattin da ya daskare ya zama kamar dutse a gindin haƙora ba buroshin da zai cire shi, sai likitan haƙori ya kankare da na'ura. Haka kogon haƙori, abinci ne yake maƙalewa ya ruɓe a ciki, sai an cike shi. Mai haƙoran roba ya dinga cire su da dare yana wankewa.

Bushewar baki ma babbar matsala ce. Ka yawaita shan ruwa, cingam marar suga yana taimakawa wajen kawo yawu. Taba sigari tana busar da baki tana kuma lalata dasashi, wasu magungunan mura da na hawan jini su ma suna busarwa, amma kar ka daina shan maganinka da kanka, ka gaya wa likitan da ya rubuta maka. Tafarnuwa da albasa kuwa warinsu ta jini yake bi ya fito ta huhu, goge baki ba zai hana ba sai ya wuce da kansa.

Alewa mai minti da feshin baki rufa-rufa ce kawai, bayan ɗan lokaci warin ya dawo, mai suga ma abinci ka ba ƙwayoyin. Ruwan kurkure baki mai sinadarin kuloheksidin yana aiki sosai amma ba na kullum ba ne, in aka daɗe ana amfani da shi yana sa haƙora su yi duhu, sai da shawarar likita.

In ka yi duk wannan sati biyu zuwa uku babu canji, je ka ga likitan haƙori, in ya ce bakinka lafiya sai a duba sauran wurare. Akwai wasu ƙananan fararen duwatsu masu wari da suke taruwa a ƙululun nan biyu na gefen maƙogwaro, akwai ciwon hanci mai zubar da majina ta bayan maƙogwaro, akwai ƙwannafi mai yawan dawowa. Numfashi mai warin fitsari yana iya nuna matsalar ƙoda. Mai ciwon suga kuma in numfashinsa ya koma ƙamshi kamar na 'ya'yan itace, ga ƙishirwa da amai da kasala, wannan ba na jira ba ne, a kai shi asibiti nan take.