Faifan farko na ƙungiyar hip hop: abin da nake faɗa wa yara kafin in kunna makirufo

Haɗa sauti ne sana'ata, kuma ba abin da ke faranta min rai kamar in ga samari huɗu ko biyar sun shigo situdiyo, littafin baitocinsu duk ya yamutse a aljihu, suna cewa faifan farko za su yi. Nakan zaunar da su tukuna, domin abin da ke kashe faifan farko ba kasafai yake cikin ɗakin ɗaukar murya ba.

Ku fara da zaɓen mutum guda da zai ce "wannan baitin bai zauna ba" kuma a ji maganarsa. 'Yan ƙungiyar hip hop ta Amurka, Wu-Tang Clan, su 9 ne lokacin da suka saki faifansu na farko a Nuwamba 1993, amma ɗaya daga cikinsu, RZA, shi ya jagoranci haɗa kiɗan, shi ke tsara wanda zai hau wane kiɗa. Shi ya sa duk yawansu faifan bai zama hayaniyar kasuwa ba. In kowa ya dage sai an ji shi a kowace waƙa, waƙar za ta yi tsawon da ba mai kai ta ƙarshe. Ku jera muryoyin yadda kunne zai rarrabe su: mai kauri ya biyo bayan mai siririya, mai gudu ya biyo bayan mai jan magana.

Sai takarda. Tun ana dariya, tun kuɗi bai shigo ba, ku rubuta wa ya rubuta me, kason kowa nawa ne, sunan ƙungiya na wa ne in an rabu. Wu-Tang ɗin nan sun sa a yarjejeniyarsu da kamfanin Loud cewa kowannensu na da 'yancin ƙulla tasa da wani kamfani, da haka ɗaya daga cikinsu, Method Man, ya fitar da nasa faifan a kamfanin Def Jam a 1994.

Inda nake ɗaga murya shi ne gutsuren kiɗan wasu. Furodusa zai yanko daƙiƙa kaɗan daga tsohuwar waƙa ya ce ai ba wanda zai gane. Za a gane. 'Yan ƙungiyar hip hop ta De La Soul sun fitar da faifansu na farko a 1989, masu sharhi suka yaba, jama'a suka saya, sai mawaƙan wata tsohuwar ƙungiya, The Turtles, suka maka su a kotu kan wani ɗan gutsuren waƙarsu. Rikicin haƙƙin mallaka da na yarjejeniyar kamfani ya hana tsofaffin waƙoƙin De La Soul hawa Spotify da makamantansa har Maris 2023. David Jolicoeur, ɗaya daga cikin su ukun, ya rasu a Fabrairun shekarar, saura makonni kaɗan. Duk lokacin da na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi. Ku nemi izini a rubuce, ko ku samu makaɗi ya kaɗa muku sabo naku.

In an gama haɗawa, kada ku yarda da lasifikar situdiyo kaɗai. Ku saurara a waya, ku saurara a mota. In kalmomin amshi sun nutse a ƙarƙashin ganga, ku dawo mu gyara.

To, an saki faifai. A nan hankali ke tashi, kowa riƙe da waya yana ƙirga masu sauraro. Makon farko 'yan uwa da abokai ne, ba hukuncin duniya ba. Faifan Wu-Tang lamba 41 ya tsaya a jadawalin Billboard na faifan da suka fi kasuwa a Amurka, sai a 1995 aka tabbatar ya sayar da kwafi miliyan ɗaya a Amurka. 'Yan ƙungiyar Public Enemy ma nasu na farko na 1987 bai girgiza kasuwa ba, na 1988 ne ya buɗe musu ƙofa. Maimakon jimillar sauraro, ku duba wace waƙa ake adanawa, wacce ake komawa kanta bayan wata guda. Sharhi kuwa, ku riƙe wanda ya nuna takamaiman wuri, kamar "baiti na biyu ya yi tsawo". Wanda ya ce "ba ku iya ba" kawai, ku wuce shi.

Abin da na fi yarda da shi shi ne dandalin wasa. Wasu yara da na yi wa aiki sun zuba duk ƙarfinsu kan waƙar farko, har da bidiyo, amma ta ƙi tashi. Ranar da suka hau dandali na tsaya a baya kusa da na'ura ina kallon bakunan mutane. Da aka zo waƙa ta takwas, wadda saura ƙiris su cire ta, sai na ga leɓɓa suna motsi tun kafin mai baitin ya buɗe baki. Na rage kiɗan, zauren ya ƙarasa masa layin. Washegari muka fara shirin yi mata bidiyo.