Yadda za ka zaɓi ƙaramar tocila ba tare da ka zubar da kuɗi ba

In ka shiga kasuwar Sabon Gari ko ta Samaru neman tocila, abu na farko kar rubutun jikin kwali ya ruɗe ka. Za ka ga 'yar mitsitsiya an rubuta mata lumen (ma'aunin ƙarfin haske) dubu ɗari, wallahi duk cika baki ne, mai lumen 300 zuwa 500 ta ishe ka zagaya gida in an ɗauke wuta ko tafiya masallaci da asuba.

Batir shi ne zancen gaba ɗaya. Nemi wadda ke cin batir 18650, wato wani dogon batirin caji da ake kira da wannan lambar, wanda ake cirewa a sake, don in ya mutu sabo kawai za ka saya ba sai ka yar da tocilar ba. Na gaskiya ƙarfinsa bai cika wuce 3500mAh ba (mAh shi ne ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka), to duk wanda ka ga an buga masa 9900mAh ajiye musu kayansu, ko a hannu ma za ka ji shi shafal ba nauyi. Wurin cajin ya zama Type-C, in wayarka ma Type-C ce cajarta ta wadatar, ka huta da sayen wata.

Kafin ka biya ce wa mai shago ya kunna, ka girgiza ta, in hasken na kyaftawa to akwai matsala a ciki. Buɗe gindinta ka duba ko akwai zoben roba, shi ke hana ruwa shiga da damina. Jikin alminiyam ya fi na roba jure faɗuwa.

Kayan haɗi kuwa, batir ɗaya na ajiya da igiyar ratayawa sun isa, amma kar ka jefa batirin aljihu tsirara tare da makullai, zai iya yin zafi har ya kama wuta.