Za ka sa makarin zafi a gidanka? Kar ka rufe bango sai mai duba gini ya gani

Mutane da yawa suna ɗauka sa makarin zafi, wato kayan da ake cusawa a bango ko silin don hana zafi shiga ko fita, aiki ne na ka sayo kaya ka kira kafinta ya cusa a silin shikenan, to wani lokacin haka ne, wani lokacin kuma sai ka nemi takardar izini daga ofishin kula da gine-gine na yankinku, kuma dokar nan ta bambanta daga gari zuwa gari. Saboda haka kafin ka kashe ko sisi ka fara kiran ofishin ko ka leƙa da kanka, ka faɗa musu ainihin abin da za ka yi, kar ka ce "ɗan gyara ne kawai", ka ce wane ɓangaren gidan ne, wane irin kaya za ka sa, za a fasa bango ko ba za a fasa ba.

Galibi idan ƙari kawai za ka yi, wato ka shimfiɗa audugar gilashi a kan wadda ke cikin silin tun da, ba ka taɓa waya ba ba ka taɓa katakon rufi ba, wurare da yawa ba sa neman izini. Amma da zarar za a cire allon bango, ko a fesa kumfar nan mai kumbura ta daskare, ko a mayar da gareji ko ɗakin ƙarƙashin ƙasa wurin kwana, to ka sa a ranka akwai takarda. A Ingila misali, idan gyaran ya shafi fiye da rabin bango ɗaya ko rufi, dokar gini tana so a ɗaga shi ya kai matakin riƙe zafi da aka gindaya. Amsar da suka ba ka ka roƙi a rubuta maka, ko ta imel ce, don maganar baki gobe wani jami'in zai ce bai san da ita ba.

Wajen cike fom za su so ɗan zanen wurin, sunan kayan da kaurinsa, da lambar ƙarfinsa. A Amurka da R ake aunawa, iya girman lambar iya yadda yake tare zafi, a Turai kuma an fi duba U na bangon gaba ɗaya, shi kuwa ƙaramar lamba ce mai kyau, kar ka rikita su. In ɗan kwangila ne zai yi aikin, ku yi magana tun farko waye zai karɓo izinin, kuma ka ga takardar da idonka. Wanda ya ce maka "bar wannan oga, ɓata lokaci ne", ni dai ba zan ba shi aikin ba, don ranar da magana ta taso kai mai gida za a nema, shi ya daɗe da tafiya.

Tsohon gida kuma sai an yi hattara tun kafin a taɓa komai. In ka leƙa silin ka ga wasu ƙananan tsakuwoyi marasa nauyi masu ɗan ƙyalli, ruwan toka ko ruwan ƙasa, zai iya zama bamikulait ne, kuma wanda aka haƙo daga ma'adinar Libby a jihar Montana har zuwa 1990 yana gauraye da asbestos, wani ma'adini mai zare-zare da shaƙar ƙurarsa ke cutar da huhu. Kar ka share, kar ka kwashe, ka kira masu gwaji. Haka tsohon wayarin na da can mai wayoyi ɗai-ɗai a kan ƙananan tangaran, an yi shi ne iska ta riƙa sanyaya shi, in ka binne shi zai iya ɗaukar zafi, sai mai aikin wuta ya duba tukuna.

Yanzu ga inda aka fi yin asara, jerin aikin. Katako da wayarin da famfo su ake fara dubawa, in sun wuce sai a sa makarin zafi, sai a sake kiran mai duba gini ya gan shi a buɗe, bayan ya sa hannu ne ake buga allo a yi fenti. In ka yi gaggawa ka rufe, yana da ikon cewa a ɓalle, kuma kuɗin ɓallewa da mayarwa daga aljihunka zai fito, ga jiran wata ranar kuma.

In ya zo ba wai kallon sama-sama zai yi ba. Zai sa ma'auni ya ga kaurin, ya duba ko an danne audugar, don in aka matse ta ƙarfinta raguwa yake, ya leƙa bayan akwatin soket da gefen taga inda ma'aikata suka fi barin rami. Zai duba ko an toshe ramukan da waya da bututu suka bi. Zai duba ledar tare danshi tana ɓangaren da ya dace, a wuri mai sanyi ta cikin ɗaki take fuskanta, a wuri mai zafi da laima kuma lissafin ya canza, in aka sa ta baibai ruwa ne zai riƙa taruwa cikin bango har fumfuna ta fito katako ya ruɓe. Ramukan shan iska na bakin rufi ma kar a cushe su.

Sai maganar gobara, nan ba sa wasa. Fitilar da ake nutsawa cikin silin, in ba mai tambarin IC ba ce, wato wadda aka ƙera don makarin ya iya taɓa ta, ana barin tazarar inci 3, kusan santimita 7 da rabi, tsakaninta da makarin. Bututun hayaƙi shi ma da tazararsa. Kumfar fesawa kuwa tana cin wuta, shi ya sa a ɗakin da mutane ke zama ake rufe ta da allon jifsam mai kaurin rabin inci. A wasu wuraren har gwajin yoyon iska ake yi, a kafa babbar fanka a ƙofa a zuƙe iskar gidan har bambancin matsin iskar ciki da ta waje ya kai faskal 50 (ma'aunin matsin iska ke nan) a ga nawa ke shigowa.

Ranar dubawa ka buɗe hanya, ka tanadi tsani da tocila, ka ajiye ledojin kayan masu ɗauke da lamba kar yara su zubar, ka ɗauki hotuna da wayarka kafin a rufe, bango bayan bango. In bai amince ba ba tashin hankali ba ne, zai rubuta abin da za a gyara, a gyara a sake kiransa. Kuma kar ka biya ɗan kwangila cikon kuɗinsa sai takardar kammalawa ta shigo hannunka, ka haɗa ta da rasit da hotunan a fayil ɗaya, kamfanin inshora ko mai sayen gidan nan gaba zai iya tambayarta.